Mai Jan Igiya

Duk shekara, in tuffa ta nuna a Amasya,
mukan haɗu a shagon shayin bakin kogi.
Da mu bakwai ne,
shida a gindin igwa, ɗaya can kan tudu da waya.
Yanzu saura ni, da Nazmi, da Dursun.

Mai wucewa zai ce faɗa muke.
Koriya ta karɓi kunnuwanmu jingina, har yau ba ta mayar ba.
Nazmi ya daka tsawa, yaya gwiwa?
In ce masa ai ta yi aure bara.
Yaron shago ya ɓoye dariyarsa a hannun riga.

Ni ne mai jan igiya.
Aikina bai fi na mai jan guga wuya ba.
Nazmi ya rungumo harsashi kamar ɗan maraƙi,
ya cusa, a rufe,
Saje Rustem ya ɗaga hannu, ya sauke,
in ja.
Ƙasa ta zabura, haƙora su gaisa,
kwanso ya faɗo yana huci,
mu yi rige-rigen ɗumama yatsu a kansa.
Saje ya raɗa wa igwar suna Gulizar,
wadda ta ƙi shi a ƙauye.
Wai ita ma ba ta magana sai ta rushe wani abu.

Na tuna sanyin da ya manne tafina da ƙarfe
har fata ta zaɓi zama can.
Na tuna burodi da muka fasa da gatari,
da taɓon da ya haɗiye taya har wuya
muna turawa, muna zagin iyayen juna cikin ƙauna.

Abokin gaba kuwa ban taɓa ganin fuskarsa ba.
Lamba ne.
Muryar Dursun ce cikin waya, siririya:
hagu hamsin, ƙara ɗari.
Sai can ya ce, ya yi, a tsaya.
Mu zauna kan akwatunan harsashi, mu raba taba ɗaya.

Shekara hamsin ke nan.
Na dasa itatuwa, na aurar da 'ya'ya huɗu,
na binne Saje, na binne matata,
ina barci lafiya, ban ɓoye muku ba.

Yau Dursun bai ɗaga murya ba.
Ya yi ta juya cokali
bayan sukari ya daɗe da narkewa.
Ya kalli kofin, ya yi masa magana a hankali
yadda ake yi wa mara lafiya.
Ya manta kurma yakan koyi karatun leɓe.

Ranar gadar nan, in ji leɓensa,
da na ce ya yi,
ba motocin soja ba ne.
Amalanken shanu ne. Mata da ƙunshi a ka.
Hazo ya ɗaga bayan harbi na shida.
Akwai wani yaro da ya tsaya riƙe da igiyar sa,
sa ɗin kuma babu.

Me ka ce? Nazmi ya kai hannu bayan kunne.
Dursun ya ɗago, ya cika ƙirji:
na ce shayin ya huce!
Nazmi ya buga tebur, a kawo sabo.

Ya zaɓi kurame biyu ya sauke kayansa.
Ban ce masa na gani ba.
Na tura masa sukarina, ko da yake likita ya hana shi.

Na dawo gida ta bakin kogi,
hannun dama a aljihu.
Ƙofar lambuna da igiya ake buɗe ta,
ni na ɗaura ta da kaina tun ina da ƙarfi.
Na tsaya ina kallonta har aka kira magariba,
ko dai na ga mutane sun nufi masallaci.
Jikata ce ta leƙo ta taga,
ta sauko ba takalmi,
ta buɗe mini daga ciki.