Takardu Biyu a Ƙofar Kotu

Teburina ƙafa uku ne da dutse,
a gindin dalbejiya, daf da ƙofar kotu.
Ni nake rubuta wa mutane kukansu,
ɗari biyar, ko godiya in babu.

Da hantsi Luba ta zo daga Mabera,
kwalabe biyu ƙulle a bakin mayafi.
Ta dire su. "Malam Haliru, duba,
wacce ce tawa?"
Zabo a nan, zabo a can,
jan murfi da jan murfi,
har ɗigon wuyan zabon bai ɓace ba.
Na ce ban sani ba.
Ta ce, "To, masu saye ma haka."

Shekara tara tana dakan yaji,
citta, masoro, kanumfari kaɗan,
har sunanta ya kai Illela a bakin direbobi.
Yau ɗan maƙwabta ya buga zabonta,
ya ɗura garin masara da gishiri,
ana ci, ana tsaki, ana zagin Luba.

Wannan kam alƙalamina ya san hanya.
Ga wadda aka cuta, ga mai cutar,
ga kwalba shaida, ga sunan unguwa.
Kokawa ake, wani ya watsa ƙasa a ido.
Doka ba ta hana kokawa ba,
cewa ta yi a kama da hannu.

Bayan azahar Mode ya zo daga Goronyo,
warin albasa ya riga shi sallama.
Ya zauna, ya cire hula, ya mayar.
Buhu arba'in ya kawo Kara.
Dillali na farko ya taya,
na biyu ya taya daidai da na farko,
na uku, na huɗu, na biyar,
kamar baki ɗaya aka raba musu.
Ashe daren jiya sun sha shayi a rumfa guda,
sun yanke: kada kowa ya ɗara.
Wani baƙo daga Gusau da ya so ƙarawa,
motarsa ta kwana uku ba mai yi mata lodi.

Na ce, "Sun yi maka ƙarya?"
Ya ce a'a.
"Sun tauye mudu? Sun ari sunanka?"
A'a. Har ruwan sanyi suka ba shi.
"To wa zan rubuta?"
Ya dube ni, na dubi takarda.

Nan ba a watsa wa kowa ƙasa ba.
'Yan kokawar ne suka haɗa kai
suka raba goron tun kafin a buga ganga,
suka sa ƙaya suka rufe fili.
Ita Luba an yi mata ƙeta cikin tsere,
shi Mode tseren aka sace ɗungurungum.

Na ce masa wannan dokarta daban,
ofishinta daban, ba wannan ƙofa ba.
Waccan tana tsaron sunan mutum da guminsa,
wannan kasuwar kanta take tsaro,
kada mutum biyar su sa ta a aljihu.

Wurin sunan mai ƙara na rubuta Mode,
sai na tsaya.
Jiya Inno ta dawo cefane tana faɗa,
albasa uku ƙanana, kuɗin da nake rubuta takarda.
Shi an saye a wulaƙance, mu an sayar mana da tsada.
Layin bai isa sunayenmu duka ba.

Magariba ta yi, ina naɗe tabarma,
na ga Luba ta manta kwalba ɗaya.
Na buɗe, na lasa.
Masara ce.
Ko ba komai, wannan harshe yana gane ta.
Waccan kuwa, ta rumfar shayi,
kowa na cin ta a miya kullum,
ba wanda ya taɓa jin ɗanɗanonta.