Ba Ta San Gyara Ba

Ƙarfe uku saura kwata na dare
wayata ta yi tari a ƙarƙashin matashi:
Lamba bakwai, ruwa ya kusa ƙarewa.
Ba sallama, ba ina gajiya.
Na'ura ce ke kirana, ni Modi ɗan Jabbi,
na kuwa tashi kamar yaron gidanta.

Daga Mabera zuwa Gawon Nama,
katan uku ɗaure a bayan babur.
Bazara ce. Daren ma bai huce ba,
kwalta na biyan zafin da ta ranta da rana.

Tana tsaye a barandar asibiti,
doguwa, mai hasken ciki,
gilashi ne ƙirjinta, ana ganin duk abin da ta ci.
Ba ta gyangyaɗi, ba ta zuwa biki,
ba ta rufewa don jana'iza.
Maigidanmu yana barci a Arkilla,
ita tana ƙirga masa kwabo har cikin mafarki.
Ta san lemon da aka fi so ran Juma'a,
ta san sanyin cikinta ya ragu
tun kafin ni in taɓa in ji.

Babana ma a nan ya yi tireda,
can inda aka shafe da siminti yanzu.
Tebur, aci-balbal, da littafin bashi
wanda gumi ya cinye rabin sunayensa.
In ka sayi sukari gwangwani biyu
sai ya ƙara tsunkule, ya ce, ga gyara.
Ya rasu ana bin sa kaɗan,
yana bin rabin unguwa.

Na tarar da wata tsohuwa gabanta,
ta kwance bakin zane,
ɗari biyu ce, ta yi laushi kamar ganyen rama.
Sau uku tana miƙa wa gilashi.
Ta juyo ta ce, "Ɗana, ina mai wanga shago?
Na gaishe shi bai amsa ba.
Daga Achida munka zo, ɗiyata na kwance,
ruwa ɗai nika so."

Yaya zan ce mata mai shagon ba ya nan,
shagon ne kawai yake nan?
Cewa ba ya karɓar kuɗin da ya sha hannu,
sai kati, sai waya, sai lambar sirri?

Makulli na aljihuna.
Amma in na buɗe na ciro gora ɗaya,
kafin asuba ta kai ƙarata Arkilla.
Ba ta ƙarya, ba ta kuma rufa asiri.

Sai na kara wayata a goshinta.
Layi ya yi ta juyawa, yana juyawa,
mu biyu muna jiran wani izini
daga garin da ba mu san sunansa ba.
Sannan, ƙwal! gora ta faɗo.
Tsohuwa ta ja baya, ta yi salati,
ta yi dariya da haƙoranta huɗu.
Na sake karawa. Ta biyu ta faɗo.
Na ce, Inna, wannan gyara ce.

Ta ce sunanta Tumba.
Ta sa mini albarka, ta sa wa babana,
ta juya ta sa wa akwatin ma,
don kada ya ji an ware shi.

Da hantsi na duba lissafi:
ruwa, gora biyu, uku da minti goma sha ɗaya.
Daidai ne, babu kuskure.
Na nemi layin da za a rubuta Tumba,
ko Achida, ko ɗiyar da ke kwance,
ban samu ba.
Ina cikin nema waya ta sake tari:
Lamba huɗu, biskit ya maƙale.