Dodon Roba

Jikata Siyama ta ce, "Kaka, ai roba ce,
mutum ne a ciki, dubi ɗinkin a gadon bayansa."
Na ce na sani.
Tun ba a haifi uwarki ba na sani.

Daren Asabar ne, mun taso daga masaƙa,
auduga a gashinmu, albashi a aljihu,
ni da Jatau muka taka daga Kakuri
har silimar nan da ba ta da rufi sai taurari.
Aka kashe fitila.
Sai teku ya tafasa a jikin bango.
Mu da iyakar ruwanmu kogin ƙarƙashin gada,
muka ga kai ya ɓullo, ya ɗara tankin Reluwe,
ya yi ruri kamar ana jan ƙyauren ƙarfe mai tsatsa.
Gyaɗar Jatau ta zube a ƙasa.
Da ya dawo hayyacinsa ya ce,
"Wannan kakan kadojin Kaduna ne,
ya je ci-rani Japan, abinci ya karɓe shi."

Yanzu ni kafinta ne, idona ya sauya wurin sauka.
Ba haƙoran nake kallo ba, Siyama,
dubi ƙarƙashin ƙafarsa.
Wani ya zauna wata guda, ya sunkuya,
ya yanka taga kamar farcenki,
ya ja waya a kan turakun da ba su fi tsinken tsintsiya ba,
ya jera rufi ɗaya bayan ɗaya,
har labule ya rataya
a ɗakin da ba mai leƙawa,
alhali ya san numfashi ɗaya za a yi a murƙushe shi.
Wanda ya yi wa abin rushewa irin wannan aiki,
ni dai na cire masa hula.

Shi ma na cikin robar ki tausaya masa.
Gumi ya cika masa takalmi,
yana leƙen duniya ta hudar wuya,
yana ɗaga ƙafa a hankali
kamar mai dawowa daga maƙabarta.
Na kwamfutan nan naku sumul suke, kamar sabulu,
ƙurarsu ba ta shaƙe kowa.

Mutanen da wuta ta faɗo wa daga sama
su suka ƙera shi.
Suka yi wa tsoronsu ƙafa da jela da ido
don su samu abin da za su kalla ido da ido.
Mu abin da ya cinye Kakuri ba shi da jela.
Bai yi ruri ba.
Wata safiya muka tarar da kwaɗo a ƙofa
da takarda mai layi huɗu.
Ga bututun hayaƙin nan tsaye har yau,
ba wanda ya taka su,
ciyawa ce ke saƙa inda muka yi saƙa.
Haka shekarar da gari ya dare biyu, kogi a tsakani,
Jatau ya yi kudu da tabarmarsa, ni na yi arewa.
Da dodo ne ya fito daga ruwa
ai da wuri ɗaya muka gudu.

Ga shi can ya juya baya,
yana kutsawa cikin teku, ruwa iya ƙugu.
Ba wanda ya yi guɗa.
Sojojin ma hula suka riƙe a hannu.

Na waiwaya, Siyama ta yi tsit,
ta janye ƙafafunta ta ɗora kan kujera.
Nan aka ɗauke wuta.
Cikin duhu, fanka na ƙarasa juyawa,
ta ce, "Kaka, ya mutu?"
Na ce, "Irinsu ba sa mutuwa, barci suke."
Ta ce, "To mutumin cikin fa,
an ba shi ruwa ya sha?"