Za Ka Zo?

Ruwa ya tsare mu a rumfar Baba Oyelaran,
bayan layin dogo, nan Agege.
Janareto na tari, kwano na amsa masa,
allon wasa na kan kwalin taliya.
Na zura hannu a jaka na ɗebo haruffa bakwai
kamar mai ɗiban gyaɗa a duhu.

Shi tsohon malamin makaranta ne,
Turanci ya kama bakinsa kamar manja a farar riga.
Ni mai gyaran waya ne.
Nawa Turancin na ciniki ne:
nawa, rage mini, dawo gobe.

Wata huɗu yana lallasa ni.
Ya jera kalma doguwa kamar molue,
ya gyara tabarau, ya faɗi ma'anarta
ko ban tambaya ba.
Ni kuwa Q ta kwana a hannuna,
baƙuwar da ba ta da ɗaki a abacadarmu.

Sai Nkiruka, nas ɗin da ke rubuta mana maki,
ta miƙo mini wata takarda duk ta sha maiƙo.
Ta ce, haddace waɗannan, ƙananan ne ke ci.
Na duba. Na sake dubawa.
Ba, da, fa, ka, ko,
ma, mu, na, ta, ya,
za, zo.
Dariya ta ƙwace mini har mai gasa masara ta waigo.
Ashe 'yan garinmu ne
suka riga ni zuwa ci-rani cikin ƙamus!

Sai dai sun sauya sana'a.
Zo, wai wata saniya ce a duwatsu masu ƙanƙara.
Ko, sandan tonon ƙasa.
Ka, kurwar mutanen Misira na dā.
Za, gutsuren sunan gurasar Italiya.
Haka birni ke yi wa mutum:
suna na nan, aiki ya canja.

Ran Asabar na ɗora zo a gidan ninki uku.
Baba ya ce ƙarya ne, ya jawo ƙamus,
ya lashi yatsa, ya bi layi, ya tsaya.
Shiru.
Danfo uku suka wuce kafin ya ce a rubuta.

Har yau ban ga ɓ a jakar ba,
ba ɗ, ba ƙ.
In na ciro ƙwayar nan da ba rubutu,
a zuci ƙ nake kiranta.

Da dare Inna ta bugo daga Gumel,
murya na yankewa.
Ta ce, bana fa, za ka zo?
Kalma uku, duka ƙamus ya yarda da su.
Kafin in ankara na lissafa: ashirin da takwas.
Na riƙe wayar a kunne.
Ruwa bai ɗauke ba,
kuma babu shafin da zan buɗe.