Na Ajiye Gugan Sama

Yau na cire hular da ta cinye mini gashin goshi,
na ɗora ta bisa teburin da ke kallon filin Mando.
Makulli, oba-oba, littafin tashi da sauka,
na tura su gaban Kande ɗaya bayan ɗaya.
Ta ce, "Ranka ya daɗe, zauna ka sha shayi."
Na ce, in na zauna, kujerar nan za ta sake kama rigata.

Shekara goma sha tara ina jan guga a sama.
Wasu rijiya suke sunkuya wa, ni kogin Kaduna.
Mai saukar ungulu ya tsaya cak a kan ruwa,
igiya ta yi nauyi, ƙuguna ya sani kafin allura ta nuna,
sai mu juya hanci inda hayaƙi ya kafa tuta.

Na san daji ta tsakar ka, yadda wanzami ya san kai.
Na san gafiyar da yaro ya bi da ashana ɗaya
ta jawo wa ƙauye uku kwanan zaune.
Na san mai ɗiban zuma da ya bar gaushi a kogon ɗorawa,
ya tafi gida yana lasar yatsa,
a bayansa tudu guda ya kama da wuta.

Amma akwai wata Laraba.
Kira biyu suka shigo a numfashi ɗaya:
rumbunan wani ƙauye a bayan Kujama,
da wata ruga wajen Buruku da iska ta sa a gaba.
Jirgi ɗaya, mansa rabin tanki, rana ta yi gora biyu ta faɗi.
Mutum goma sha biyu suka zuba wa bakina ido.
Na ce Buruku. Akwai yara a rugar.
Ba wanda ya musa, ba wanda ya ce lissafina ya ɓata.

Bayan kwana uku wata tsohuwa ta zo har ofis,
ta kwance bakin zane, ta zuba mini dawa a tafi,
baƙa ƙirin, shafal, kamar ba a taɓa yi mata noma ba.
Ba ta zage ni ba. Da ta zaga, da na samu barci.
Ta ce, "An ce kai ne mai zaɓe. Na zo in ga fuskarka."
Ta gani, ta ɗaure zanenta, ta fita.

Na ƙara shekara huɗu a kan kujerar,
muryata ba ta rawa, hannuna ma haka,
dawar tana cikin kwalbar magani a aljihun hagu.
Ran da likita ya ce idona ya fara yaudara,
na yi masa godiya fiye da yadda ya zata.

Yanzu ina Rigacikun, da kunya shida ta tattasai.
Tabawa ta hura murhu, ni kuwa na jiƙa yatsa na ɗaga
in ji ta ina iska take.
Ta ce, "Malam, tuwo ne fa."
Jikata ta shinshina ni, wai na daina warin hayaƙi,
wai yanzu taki nake yi.
Na ce wannan turaren akuya ce ta ba ni kyauta.

Jiya da la'asar na ji ƙarar da na sani.
Na yi wa kaina alkawari ba zan ɗaga kai ba.
Na ɗaga.
Guga na reto, ya kusa shafar kan giginya.
Na ce a raina, Kande, ja shi sama!
Kafin in ƙarasa ya hau, babu buƙatar muryata.

Maƙwabcina Jatau ya tara shara a gindin katanga,
ya ƙyasta ashana, ya shige gida abinsa.
Ba ni da jirgi, ba ni da runduna,
ba mai kira na ya ce in zaɓa.
Na tsaya a kanta har ta zama toka,
sannan na yayyafa mata sauran ruwan buta.