Sawun Allura

Shagona yana kallon ƙofar kolej,
a Bagalam, ƙarƙashin dogon yaro.
Shekara goma sha tara ina ɗinka kayan lakwal:
kaki ga maza, shuɗi ga mata,
aljihu guda a hagu, bisa zuciya,
faɗinsa yatsa huɗu, haka takarda ta ce.

Ran Laraba Mutari ya shigo,
ɗan aji huɗu, bayan wandonsa ya koɗe.
Ya aje dala arba'in bisa keke.
"Baba Ilu, rubutu nika so, da jan zare,
nan ga aljihu."
Na ce, sunanka?
Ya girgiza kai, ya miƙo gutsuren takarda:
INA BENCINMU?

Na san zancen. Wa bai sani ba?
Tun kaka uwaye suka zuba jaka bibbiyu,
ni ma na zuba, don ɗiyar ƙanena.
Gyaɗa ta cika kasuwa har ta ƙare,
yara saba'in da shida na nan bisa buhun siminti,
gwiwa ce teburinsu.

Na taka keke, ban tsaya dogon tunani ba.
Harafi goma sha ɗaya,
da alamar tambaya mai kama da ƙugiya.

Alhamis, bakwai da rabi,
Mushe Tankari na tsaye a ƙofa da littafinsa.
Ba mugu ba ne. Na taɓa ganin shi
ya biya wa yaro kuɗin kabu-kabu zuwa asibiti.
Daga nan shago ina jin su.

"Riga ba allo ba ce.
Yau kai ka rubuta benci,
gobe wani ya rubuta jam'iyyar ubansa,
jibi a zagi uwar wani da zaren siliki.
Sannan wa zai raba ku? Ni kaɗai da usur?
An yi kaki ne don ɗan mai tireloli
da ɗan mai tura ruwa su zauna daidai."

"Daidai muke, Mushe. Duk ƙasa muke.
Na ɗaga hannu cikin aji, an ce in sauke.
Mun kai wasiƙa, an ce darakta ya tahi Yamai.
Riga ce ta rage mini."

"Kwana uku gida.
Kuma a kwance shi."

Da magariba uwarsa ta zo,
hannunta na ƙamshin man awara.
Ba ta ko zauna ba.
"Kai ka ɗinka, kai za ka warware.
Birebe saura wata huɗu.
Ba benci na haifa ba."

Me zan ce? Tuwon gidana ma
daga wannan ƙofar yake fitowa.
Na ɗauki reza.
Ɗinkin da ya ci minti goma
kwancewarsa ta kai ni bayan isha'i.
Jan zare ya taru a tafin hannuna
kamar barkonon da aka yayyanka.

Sai da na ɗaga rigar ga fitila
na ga abin da allura ta bari:
huji bayan huji, jere kamar sawun tururuwa,
har ƙugiyar tana nan.
Na goga da ruwa, na goga da gawayi mai zafi.
Kaki bai yarda ba.

Litinin ya koma.
Rana na dukan ƙirjinsa daga gabas.
Mushe Tankari ya dubi aljihun, ya daɗe,
har ya gyara tabarau.
Bai buɗe littafi ba.
Ya ce, "Wuce, ka makara."

Bencin dai har yau shiru.

Jiya 'yan mata uku suka tsaya bakin shago,
shuɗin hijabi a ninke cikin leda.
Ƙaramar cikinsu, Barira, ita ta yi magana:
"Baba, nawa ne ɗinki,
nawa ne kwancewa,
in an haɗa su lokaci guda?"

Na ce su dawo bayan la'asar.
Ga shi ana kiran salla,
ban yanke kuɗin ba.