Fitila Biyu

A ƙauyenmu, gabas da Ringim,
inda kogi kan cinye gonar mutum a damina guda
ya dawo masa da ita bayan shekara uku,
nan kakana Malam Tsalha ya riƙe asusun masallaci
shekara ashirin da bakwai
a cikin gwangwanin madara.

Fitila biyu gare shi.
Ɗaya ta jama'a, mai shan kananzir ɗin jama'a,
ɗaya tasa, mai tsagaggen gilashi.
In ana lissafin tabarmi da butoci, ta jama'a ke ci.
Da wani ya ce, “Malam, ya ƙafar taka?”
sai ya hure ta, ya shiga laluben ashana,
mu zauna cikin duhu har tasa ta kama.
Mu yi ta dariya.
Ya ce ba shi ya fara ba,
wani halifa ne can a Sham,
mai ƙasar da raƙumi kan yi watanni bai ƙure ta ba.

A bakinsa na ji sauran:
wanda aka yi wa mubaya'a yau,
gobe ya saɓa tufafi zai kai kasuwa
don iyali ba sa cin sarauta;
da wanda ya goyi buhun gari cikin dare,
ya hura wa wata baiwar Allah wuta
har hayaƙi ya cika masa gemu.
Bai ɓoye mana jinin ba.
Ya ce uku cikin huɗun farko
hannun mutum ne ya yi ajalinsu,
kuma wanda ya sari na huɗun
mai yawan salla ne,
mai ganin duk duniya shi kaɗai ya rage a kan hanya.
Nan yakan yi shiru,
ya daɗe yana tauna goro.

Yanzu masallacin sola gare shi.
A nan ƙanena Ukasha ke cajin waya,
a cikin wayar kuwa akwai wani mutum:
baƙin rawani, tuta a baya, bindiga a jingine,
yatsa ɗaya a sama kamar mai auna iska.
Ba wanda ya zaɓe shi. Ba dattijon da ya zauna.
Ya wayi gari ya ce shi ne,
duk wanda ya ce a'a, jininsa ya halatta.

Bayan an cire albasa Ukasha ya tafi.
Ya bar fartanya a bakin rijiya,
ya bar bashin ɗari bakwai wurin mai shayi.
Inna Hansai ta biya, ba ta gaya wa kowa ba.

Ukasha, in kana kusa da shi, duba mini:
riga nawa gare shi?
Ya taɓa ɗaukar buhun wani a bayansa?
In tsohuwa ta miƙe cikin taro ta ce ya yi kuskure,
a raye take komawa gida?
In dare ya yi, wutar wa yake ƙonawa,
man wa, 'ya'yan wa?

Gwangwanin yana hannuna yanzu, ya yi tsatsa.
Daren Talata ina lissafin kuɗin rufi,
wayata na jone da solar jama'a,
sai ga saƙon murya daga lambar da ban sani ba.
Numfashin farko na gane shi.

Na zare wayar daga jikin bango.
Na kashe ƙwan masallaci.
Na taka har gida, na sami Inna a tsakar gida
ta kunna mai tsagaggen gilashin nan,
kamar kowane dare tun tafiyarsa.

Muka zauna a gabanta.
Hannuna na rawa.
Ta ce, “Danna mana.
Ko zagi ne, ai muryarsa ce.”